Baffa Sufeto da Hannun Babana na Dama

A gidanmu ni ake tambaya idan an manta abu. Wace shekara aka sauya rufin ɗaki, wa ya girmi wa a cikin 'ya'yan gwaggo, ina aka adana hoton kaka, duk sai a ce a kira ni. To tunda haka ne, ni zan ba da labarin Baffa yadda ya faru, domin na fara jin ana ba da shi a bakin layi ana dariya har da riƙe ciki. Kwanan baya na je karɓo maganin Baba na tarar mai kemis yana ba wani baƙo labarin, har yana kwaikwayon yadda Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya baza hannuwa. Da ya gan ni sai ya shiga tarin ƙarya. Na karɓi maganin na fito, amma har na isa gida ban huce ba. A cikin labarin nan da suke wa dariya hannun babana na dama ya tafi, kuma da hannun nan yake aski, da shi ya ciyar da mu.

Baffa ƙanen Baba ne, ciki ɗaya. Kaka kafin ta rasu ta sha gaya mini cewa tun yana rarrafe ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ya kwance rediyon gida don ya ga mutumin da ke magana a ciki, ya buɗe akwatinta da cokali mai yatsu, ya taɓa kulle kansa a ɗakin ajiya don ya gwada ko zai iya fitowa. Makaranta ba ta riƙe shi ba. Kai yana da shi, zama ne ba ya iyawa. Baba, wanda a lokacin ya riga ya buɗe shagon aski, shi ya kai shi wurin wani tsoho mai yankan makulli, da ya ƙware kuma ya ba shi gefen ƙofar shagonsa ya kafa teburi a ƙarƙashin rumfa. Haka na tashi na gan su. Baba a ciki da kujera mai juyawa da babban madubi da tawul a kafaɗa, Baffa a waje da ƙaramin injinsa mai tsiwa, da allon da ya jera makullai a kan ƙusoshi, yatsunsa kullum da garin ƙarfe.

Ba zan ɓoye alherinsa ba don ina fushi da shi. Shi ya koya mini hawa keke, yana gudu a bayana da silifa har ya faɗa kwata. In ƙofa ta kulle kanta da jariri a ciki uwa a waje, komai nisa Baffa zai bar teburinsa a buɗe ya ruga, kuma ba ya tsayawa a yi masa godiya. Mutum ne mai saurin dariya. Ba ya zagi, ba ya shaye-shaye, ba ya shiga faɗan kowa.

Baba ya kafa talabijin a bangon shago don masu jiran layi su kalli ƙwallo. Da rana tsaka, lokacin da shago ke yin shiru, wata tasha tana saka wani katun na Japanawa, na wani mai kai wasiƙu a kan keke wanda duk gidan da ya ƙwanƙwasa sai an tarar da gawa a ciki, kuma kafin 'yan sanda su gama hamma ya gano wanda ya yi kisan. Umma takan ce da ita ce a garin, da ta ce a riƙe mata wasiƙarta, ta yafe. Baffa daga bakin ƙofa ya fara kallo, makulli a hannu. Ranar da aka nuna wani ɗaki da aka kulle ta ciki amma an kashe mutum a cikinsa, sai ya shigo ya zauna a bencin jira, kuma daga ranar ba a sake samun kansa ba.

Ni ma na kalla tare da shi, shekaru. In na taso daga makaranta nakan biya shago in karanta masa fassarar da ke gudu a ƙasan allo, saboda tana yi masa sauri. Daga baya ya tara duk shirin a wayarsa, ya kalli kowane kashi har ya haddace. A wurinsa na ji cewa ana iya yin makami da ƙanƙara ya narke a rasa shi, ana iya jan sakata daga waje da zaren kamun kifi, agogon da ya fashe yana tsayawa a kan lokacin da aka yi faɗa, kuma bahago ta hagu yake ajiye kofinsa. Yakan tsayar da hoto ya ce, "Ɗiyata, dubi takalmin wancan. Ya ce bai fita ba tun safe. To ina ya samo laka?" In na canka daidai sai ya yanka mini makullin banza, wanda ba ya buɗe komai, ya ce lambar yabo ce.

Baba yakan yi masa tsiya yana aski. "Kai dai Allah ya sawwaƙe. Ƙato da kai, gashin baki ya fara furfura, kana kallon zanen yara."

"Yaya, ilimi ne a ciki. Wannan da kake wa aski yanzu, daga wurin makaniki yake, dubi farcensa."

"Shi ne makanikin, sakarai."

Babban darasinsa, wanda yake maimaitawa kamar karatu, shi ne kada a taɓa komai. In an tarar da gawa a rufe ƙofa, a hana kowa shiga, kada a ɗauke ko tsinke sai 'yan sanda sun zo. Sannan wanda ya fi kowa son shiga, shi za a fara zargi.

Ya yi aure sau ɗaya. Matar mai haƙuri ce, muna shiri da ita sosai. Amma in ta dawo daga unguwa sai ya dubi gefen zanenta ya gaya mata inda ta biya, in ta ce gishiri ya ƙare ya buɗe gwangwani ya leƙa. Ba da mugunta yake yi ba, shi a ganinsa wasa ne. Wata rana ta tattara kayanta ta zo ta durƙusa ta ce wa Baba, "Yaya, ka yi haƙuri, ni miji na aura, ba kotu ba." Baba ya yi masa faɗa na kwana biyu, sannan ya koma ga maganarsa ta kullum: "Ku bar shi, ba ya cutar kowa."

Sunan Sufeto kuwa mai kemis ne ya laƙa masa. An wayi gari an kwashe kaya a kemis, ga kwaɗo a ƙasa duk ya lotse. Baffa ya ɗauka ya juya shi a hannu ya ce wannan da makulli aka buɗe shi, daga baya aka bubbuge shi da dutse don a ce fasawa aka yi. Aka matsa wa na gida, ɗan 'yar'uwar mai kemis ya amsa laifi. Duk layi aka ɗauka, Sufeto, Sufeto. Ni abin da na sani, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwance kwaɗo ba ya bukatar katun kafin ya gane wanda aka buɗe da makulli. Sana'arsa ce ta gaya masa. Amma a wurin Baffa, mai kai wasiƙun katun ne ya cancanci godiya, kuma mutane suka taya shi. In an rasa waya a kira Sufeto, in kyanwa ta mutu a kira Sufeto. Sau da yawa ba ya canka daidai, amma ba wanda yake tunawa da wannan. Har ya sayi farar safar hannu yana ajiyewa a aljihun teburi.

Baba yana da hawan jini. Kowa a layin ya sani. Mai kemis ya sani, shi ke ba shi ƙwayoyin. Baffa ya fi kowa sani, don sau da yawa shi ake aika ya karɓo, kuma ya sha ganin Baba ya dakata a tsakiyar aski ya dafa kujera ya ce kansa yana juyawa.

Ranar da abin ya faru ba na wurin da farko. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin waɗanda suka tsaya a wurin, ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma daga bakin Baba da kansa.

Baba ya saba fita da sassafe. Ya shiga shago ya saka sakata ta ciki don kada a dame shi, ya kunna rediyo, ya share gashin jiya, ya goge madubi, sannan ya zauna ya sha shayin da Umma ta cika masa a fulas. Ranar Baffa ya iso da hantsi ya tarar ƙofa a rufe, rediyo yana ta magana. Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya leƙa ta taga ya hango ƙafafu a bayan kujera, da kofi a kife a ƙasa.

Ƙofar katako ce, tsohuwa, ni ma in na sa kafaɗa za ta buɗe. Direban tasi da ke ajiye motarsa a gaban shagon ya ce a matsa ya doke ta. Baffa ya hana. Ya koma teburinsa ya sa safar hannu, ya ɗauko siririn ƙarfe, ya durƙusa yana lallaɓa sakata ta tsagar ƙofa a hankali, don kada a ɓata yadda aka same ta. Da ta buɗe ya shiga shi kaɗai. Ya tsuguna ya ɗora yatsu biyu a wuyan Baba, a kan kwalar riga, da safa a hannunsa, ya girgiza kai yadda ake yi a shirin. Ya shinshina kofin. Ya tura ƙofa ya daɗe a ciki yana abin da sai daga baya muka gani. Sannan ya fito ya ja ƙofar, ya juya mata baya.

"Yaya ya rasu," in ji shi. Wuri ya ɗauki salati. "Kuma wannan ba mutuwar Allah da Annabi ba ce. Ƙofa a kulle ta ciki, kofi a kife, baki a karkace miyau yana dalala. Guba ce. Na kira 'yan sanda. Kada kowa ya shiga sai sun zo."

Direba ya ce, "Sufeto, ko ma dai mene ne, mu sa shi a mota mu kai asibiti. Likita ya duba ya faɗa da bakinsa."

"In ka ɗauke gawa daga inda take, ka ƙarasa wa mai laifi aikinsa. Kai me ya sa kake sauri?"

"Ni? Ni da nake nan ina wanke mota tun safe?"

"Tun safe kana nan ke nan. To riƙe wannan, za ka maimaita wa 'yan sanda."

Direba ya ja da baya. Mai kemis ya matso ya ce yana da abin awon jini, a bar shi ya gwada.

"Wa ya ba shi ƙwayoyin da ya sha jiya?"

"Haba Sufeto."

"Tambaya na yi."

Mai kemis ya koma shagonsa ya tsaya a bayan kanta. Haka aka yi ta yi. Duk wanda ya ce a buɗe, sai Baffa ya juyo kansa ya tambaye shi ina yake da asuba. Manyan mutane masu gemu, waɗanda Baba ya shekara yana yi wa aski su da 'ya'yansu, suka tsaya a rana suna jiran 'yan sanda, kowa yana tsoron kada a ce shi ne. Da na tambaye su daga baya, amsarsu ɗaya ce: ƙanensa ne ya ce ya mutu, wa zai ƙaryata ƙanen mutum? Ban san me ya hana ɗaya daga cikinsu ya ce shi ma sai ya gani da idonsa ba. Kuma Baffa ya hana a aiko gida, saboda daga gida shayin ya fito.

Sai da rana ta raba tsaka matar mai guga ta kasa daurewa, ta zame ta bayan layi ta zo ta same mu ina tsefe wa Umma kai. Umma ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi ta fita da rabin kai a tsefe, ina bin ta ina tuntuɓe.

Tsakanin Umma da Baffa wasa ne tun farkon aurenta. Matarmu yake ce mata, ita kuma ta ce masa ragon miji. Ranar ma da sunan ya tare ta.

"Matarmu, tsaya nan tukuna. Wa ya haɗa shayin da ke cikin fulas?"

"Ni na haɗa. Wanda kake shanye rabi kullum."

"Bayan ke wa ya taɓa shi?"

"Matsa mini."

"In kin shiga za ki ɓata shaida. Don ke ma nake yi, kada gobe a ce kin..."

"A ce na me? Ƙarasa mana."

Umma ba doguwa ba ce, amma ta cakumi wuyan rigarsa ta wurgar da shi gefe, ya faɗa kan teburinsa, allon makullai ya zube a ƙasa.

Rediyo yana nan yana ba da labarin wasanni, don Baffa ya ce kada a kashe. Baba yana kwance ta gefensa na dama tsakanin kujera da bango, kuncinsa a cikin gashin da ya tara bai kwashe ba. An zagaye shi da farin layi daga kai har ƙafa, har da lanƙwasar gwiwa. Da hodar aski Baffa ya zana shi. Kofin ma an yi masa tasa da'irar.

Umma ta durƙusa a kan layin. Ta cire mayafinta za ta lulluɓe shi, ta kai hannu za ta shafe masa ido. Sai idon hagu ya juyo ya dube ta.

"Kashe rediyon nan," ta ce mini.

Na fizge wayar rediyon daga bango. Sai muka ji numfashinsa, ƙasa-ƙasa, da ɗan minshari kamar na mai barci.

"Yana da rai," ta faɗa, ba da ƙarfi ba. Sannan ta juya wajen ƙofa. "Ku da kuke tsaye kamar gumaka, ku zo ku ɗauke shi."

Direba da mai guga suka ɗauke shi suka sa a bayan tasi, kansa a cinyar Umma. Ina shiga na ji Baffa yana cewa, "Ba zai yiwu ba, ai na duba," ba tare da ya san wa yake gaya wa ba.

A asibiti aka shige da shi aka ɗauki hoton kansa. Likitar, wata mace mai tabarau da gajiya a fuska, ta fito ta tambaye mu tun yaushe ya faɗi. Umma ta ce tun safe. Likita ta dubi agogon bango, ta sake tambaya kamar ba ta ji ba. Ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, gudan jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Akwai allurar da ke narkar da shi, amma a sa'o'in farko take aiki, bayan nan haɗarinta ya fi amfaninta, kuma mun wuce lokacin.

"Ina kuka tsaya?" ta ce.

Me za mu ce mata? Muna jira a gano wanda ya kashe shi?

Saboda gaskiya, likitar ba ta ce da an zo da wuri tabbas hannun zai dawo ba. Na tambaye ta baki da baki. Ta ce ba wanda zai iya rantsuwa, amma da yana da dama babba. Wannan damar ce ta ƙare a bayan ƙofa, ana tambayar direba ina yake da asuba.

'Yan sanda sun iso bayan mun tafi, kuma nan ne wurin da masu ba da labari suka fi so. Wai sun tarar da Baffa yana tsintar makullai a ƙasa, ga zanen mutum da hoda babu mutum, babbansu ya tambaya ina gawar, aka ce masa ta tafi asibiti a tasi. Wai har ya roƙe su su tafi da fulas a gwada. A nan ake fashewa da dariya. Ni a lokacin ina zaune a benci a wajen ɗakin marasa lafiya, ina kakkaɓe hoda daga gwiwar Umma.

Baba ya yi makonni a asibiti. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan, yanzu yana takawa da sanda yana jan ta. Magana ma ta dawo, kalma ɗaya-ɗaya, da wahala. Hannu ne muka zuba wa ido. Ma'aikaciyar motsa jiki ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kullum da safe ina buɗe masa yatsu in sa ƙwallon a tafinsa, ya ƙura masa ido har gumi ya tsatso masa a goshi, ƙwallon ya gangara ƙasa. Masu zuwa dubiya suna tambaya yaushe zai buɗe shago, kawunansu sun yi buzu-buzu, ba sa son hannun kowa sai nasa. Yakan ɗaga musu hannun hagu alamar su yi haƙuri.

Baffa yana zuwa asibiti kullum da lemo a leda, ya tsaya a bakin ƙofa, Umma ba ta kallon inda yake. Ban taɓa jin ya ce a yafe masa ba. Na yi zaton kunya ce ta ɗaure masa baki. Ashe bayani yake shiryawa.

Bayan an sallamo mu ya zo gida wata rana da yamma, ya zauna a ƙasa gaban kujerar Baba. Ina gefe ina ninke wanki.

"Yaya, na yi ta tunani," ya ce. "Na sake bin abin daki-daki. Duk wanda ya ga abin da na gani, abin da na faɗa zai faɗa. Ƙofa a kulle ta ciki. Kofi a kife. Baki a karkace. Kuskurena ɗaya ne, safar hannun nan, ita ta hana ni jin bugun jijiya. Da na cire ta..."

Na ajiye wankin. "Baffa, mutumin da kake karɓo wa maganin hawan jini ya faɗi a ƙasa, kai kuma guba ce ta fara zo maka a rai?"

"Ɗiyata, ba ki gane ba. Abin da ya fi kama da gaskiya, yawanci ba shi ne gaskiya ba. Ke ma kin sani, ai tare muka kalla."

"A katun. Inda wani ya zauna ya zana gawar da hannunsa, ya san ta mutu tun kafin ya ɗauki fensir."

Baba ya buga sandarsa a ƙasa, muka yi shiru. Ya daɗe yana haɗa maganar, bakinsa yana motsi kafin sauti ya fito.

"Ina... jin ka," ya ce.

"Na'am, Yaya, cewa nake..."

"Ranar. Ina jin ka."

Sai a lokacin muka sani. Bai suma ba. Tun daga faɗuwarsa har shigowar Umma idonsa biyu. Ya ji an ƙwanƙwasa ƙofa, ya ji ƙarfe yana lallaɓa sakata, ya yi murna an zo. Ya ji yatsu a wuyansa. Ya ji hoda tana zuba a gefen kunnensa har ta shigar masa hanci. Ya ji an sanar da mutuwarsa, ya ji direba yana roƙo a kai shi asibiti, ya ji an hana. Ya ce da farko yana ɗan jin hannun, kamar an kwanta a kansa, yana ta ƙoƙarin motsa yatsa ya ja wayar rediyo don a jiyo shi, har ya daina jin sa gaba ɗaya, ƙofa tana nan a rufe. Bayanin nan ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, yana tsayawa yana haki, kuma ba wanda ya taya shi da kalma ko ɗaya.

"Ka dubi... kofi," ya ce daga ƙarshe. "Ka dubi ƙofa. Idona a buɗe... ba ka dube ni ba. Ko Yaya ba ka ce ba."

Baffa ya zauna yana murza babban yatsansa a kan tafinsa. Can ya tashi ya fita, ya wuce Umma da ke tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta matsa masa ba, sai da ya raɓa bango.

Da muka koma ganin likita bayan watanni, ta ɗaga hannun, ta sake shi, ta matsa yatsun, ta ce mu ci gaba da motsa shi don kada ya ƙage, amma kada mu sa ran zai sake riƙe almakashi. A makon nan Baba ya ce a saki shagon. Wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu. Kujera da madubi suna wurin wani matashin mai aski a ƙarshen layi, kuma na daina bin ta wurin. Teburin Baffa yana nan a ƙarƙashin rumfa, don Baba ne da kansa ya roƙi sabon mai shagon kada ya tashe shi. Na ce masa don me? Ya ce ƙanensa ne. Wannan ma ya ba ni haushi, ban ɓoye masa ba.

Baffa ya daina maganar shirin a gabanmu. Amma na sha hango shi da rana tsaka, kai a sunkuye, waya a ƙarƙashin teburi, abin sauraro a kunne ɗaya. Ya rame, ya rage dariya. Har yau Sufeto ake kiransa, kuma yana amsawa. Ina gaishe shi saboda haka Umma ta tarbiyyantar da ni, gaisuwa kawai, in wuce.

Yanzu Umma ce ke yi wa Baba aski, a tsakar gida, a kan kujerar roba. Ba ta iya ba. Ni nake riƙe masa ƙaramin madubi, yana kallon yadda layin goshinsa yake tafiya a karkace, yana cewa, "Hagu... a'a, ɗaga... kin ci da yawa." Ita kuma ta ce, "To malam gwani, haka za ka fita. Wa zai kalle ka in ba ni ba?" Wani lokaci yakan yi dariya da rabin baki. Makon jiya bai yi ba. Ya sa na juya madubin ya dubi gefen kansa da aka bar wa tudu da kwari, sannan ya sa hannun hagu ya ɗago na dama daga cinyarsa, ya ɗora shi a kan kilifar askin da ke hannun Umma, ya bar shi a wurin. Yatsun ba su kama ba. Umma ta kashe injin. Muka jira har ya gaji ya sauke hannun da kansa, sannan ta kunna ta ƙarasa askin.